Cin Abinci Saboda Damuwa da Yadda Ake Sanya Iyaka a Mu'amala

Bayani domin marasa lafiya da iyalansu

Game da wannan takarda

An shirya wannan takarda domin masu jin Hausa da ke zaune a Ingila, waɗanda suka lura cewa suna komawa ga abinci a duk lokacin da ransu ya ɓaci, ko gajiya ta yi musu yawa, ko kaɗaici ya dame su. Takardar ta bayyana abin da ke haddasa wannan hali, da matakan da za ku iya ɗauka a gida, da yadda za ku rage nauyin da jama'a ke ɗora muku ba tare da kun yanke zumunci ba, da kuma lokacin da ya kamata ku ga likita. Ba za ta maye gurbin shawarar likitanku ko nas ko masanin abinci na asibiti ba. Idan akwai abin da ba ku fahimta ba, ku tambayi ma'aikacin da ya ba ku ita.

Mene ne cin abinci saboda damuwa?

Shi ne mutum ya ci abinci alhali cikinsa bai nema ba, domin kawai ya kwantar da abin da ke damun zuciyarsa: fushi, baƙin ciki, fargaba, kewar gida, ko zaman shiru babu abokin hira. Kusan kowa yakan yi haka jefi-jefi, kuma babu aibi a ciki. Da abinci ake murnar suna da biki da salla, da shi ake tarbar baƙo, da shi ake zuwa gaisuwar rasuwa. Matsalar tana farawa ne idan abinci ya zama hanya ɗaya tilo da mutum ya sani ta samun sauƙi.

Ga yadda abin yake kewayawa. Wani abu ya ɓata muku rai, sai ku ci. Kun sami sauƙi na ɗan lokaci, sai nadama da jin kunya su biyo baya. Sai ku ƙudurta cewa gobe ba za ku karya kumallo ba domin ku rama. Kafin yamma yunwa ta galabaitar da ku, ga kuma abin da ya ɓata muku rai tun farko yana nan inda yake, sai ku sake ci fiye da na jiya. Wannan hali koyonsa aka yi, yawanci tun daga ƙuruciya, kuma abin da aka koya ana iya sauya shi. Ba alama ce ta haɗama ko raunin hali ba.

Yaya za a bambance yunwar ciki da yunwar damuwa?

Yunwar ciki:
- takan zo sannu a hankali, sa'o'i bayan cin abinci na ƙarshe
- ana jin ta a ciki, wani lokaci da kukan ciki ko kasala
- kowane irin abinci yana maganinta, ko da tuwon jiya ne
- takan tsaya idan an ƙoshi

Yunwar damuwa:
- takan zo farat ɗaya, sau da yawa bayan wata waya ko gardama ko labari marar daɗi
- takan nemi wani abu takamaimai, galibi mai zaƙi ko maiƙo ko gishiri, kamar biskit, cakulan, cincin, soyayyen dankali ko lemon kwalba
- takan sa a ci da sauri, a tsaye ko a gaban talabijin, har a gama ba a ji ɗanɗanon abin da aka ci ba
- ba ta tsayawa don an ƙoshi, kuma takan bar nadama a baya

Me ke faruwa a jiki?

Idan mutum ya shiga tashin hankali, jikinsa yana sakin wasu sinadarai domin ya shirya fuskantar haɗari. A farkon tashin hankali sukan ɗauke sha'awar abinci, shi ya sa wanda ya ji mummunan labari yakan kasa ci. Amma idan damuwa ta daɗe, makonni ko watanni, wani sinadari mai suna kotisol yana iya ƙara sha'awar abinci, musamman mai zaƙi da mai maiƙo. Irin wannan abinci yana sa ƙwaƙwalwa jin daɗi na ɗan lokaci, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta mantawa da abin da ya ba ta sauƙi, don haka gobe ma shi za ta nema.

Barci ma yana da hannu. Yawancin manya suna bukatar barcin sa'a 7 zuwa 9. Idan barci ya gaza, sinadaran da ke sanar da ƙwaƙwalwa yunwa da ƙoshi sukan rikice, sai mutum ya wuni yana jin yunwa. Masu aikin dare a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi da ma'ajiyar kaya, da masu gadi da direbobin tasi, sun fi fuskantar wannan.

Haka kuma wasu magunguna suna ƙara cin abinci, kamar prednisolone, mirtazapine da olanzapine. Idan kun lura cinku ya ƙaru bayan fara wani magani, kada ku daina shansa da kanku. Ku gaya wa likitan da ya rubuta muku shi, ko mai ba da magani a kemis.

Abubuwan da suka fi tayar da wannan hali

Kowa da nasa, amma ga waɗanda aka fi samu ga mutanen da suka baro ƙasarsu:
- kewar iyaye da dangi, da rashin maƙwabtan da za a leƙa a gaisa
- sanyi da gajeren yini: a watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, mutum ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu
- jiran takardun zama, ko matsalar haya da kuɗin wuta da gas
- renon yara babu kaka, babu goggo, babu mai taimako
- buƙatun kuɗi daga gida da suka fi ƙarfin albashi
- wariya ko wulaƙanci a wurin aiki ko makaranta
- maganganun mutane a kan ƙiba ko rama, ko rashin aure, ko rashin haihuwa

Idan kun duba da kyau, da yawa daga cikin waɗannan sun shafi mu'amala da mutane. Wannan ne dalilin da ya sa takardar ta haɗa maganar abinci da maganar iyaka. Wanda ya haɗiye maganar da ya kamata ya faɗa, sau da yawa da abinci yake danne ta.

Me ya sa wannan yake da muhimmanci ga lafiyarku?

Yawan ci na tsawon lokaci yana iya kawo ƙiba, ita kuma tana ƙara haɗarin ciwon sukari nau'i na 2, hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa. Mutanen da asalinsu baƙaƙen fatar Afirka ne suna shiga haɗarin ciwon sukari tun daga shekara 25, alhali ga Turawa ana lissafa shi daga shekara 40. Haka nan haɗarin yana kama su a kan nauyin da bai kai na Turawa ba. A ma'aunin nauyi da tsayi da ake kira BMI, ana ɗaukar 23 a matsayin farkon wuce kima ga ɗan Afirka, 27.5 kuma farkon ƙiba. Akwai awon da za ku iya yi a gida da tef ɗin tela: zagayen cikinku ya kamata ya gaza rabin tsayinku. Mai tsayin santimita 170, misali, zagayen cikinsa ya kasance ƙasa da santimita 85.

Shawarar hukumar lafiya ta NHS ita ce kada babba ya wuce giram 30 na sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha a rana. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya yana ɗaukar kimanin giram 4. Wanda yake shan shayi sau 3 a rana, kowane kofi da cokali 3, ya kai giram 36 tun bai taɓa komai ba. Gwangwanin Coca-Cola na asali mai mililita 330 yana ɗauke da kimanin giram 35 shi kaɗai.

Illar ba ta tsaya ga jiki ba. Ɓoye ci, da jin kunya, da ƙin shiga mutane suna ƙara kaɗaici, kaɗaicin kuma ya ƙara ci.

Matakan da za ku iya ɗauka

1. Ku ci abinci a kan lokaci

Wannan shi ne mataki na farko, kuma ya fi sauran muhimmanci. Ku ci sau 3 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 2 ko 3 a tsakani, kamar ayaba, tuffa, gyaɗa cikin tafin hannu, dafaffen ƙwai ko kindirmo marar sukari. Kada tazarar da ke tsakanin ci da ci ta wuce sa'a 3 zuwa 4 muddin kuna farke. Idan aikin dare kuke yi, ku tsara lokutan daga sa'ar da kuka tashi barci, kuma ku tafi da abincinku daga gida. Tsallake abinci domin a rama na jiya shi ne babban abin da ke jawo cin dare.

Ba a buƙatar ku bar abincin da kuka saba. Tuwo, shinkafa, wake, dambu, fate da miyar kuka ko kuɓewa duk suna da wuri. Abin lura shi ne a yawaita ganye da kayan lambu har su kai kamar rabin faranti, a auna mai da cokali maimakon a tuttula, a kuma rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Ku guji haramta wa kanku wani abinci gaba ɗaya, domin abin da aka haramta shi rai ya fi biya.

2. Ku riƙa rubutawa

Ku sami ƙaramin littafi, ko ku yi amfani da wayarku. Har tsawon mako 2, duk lokacin da kuka ci wani abu ku rubuta: ƙarfe nawa, me kuka ci, a ina, da wa, me ya faru kafin nan, kuma yaya zuciyarku take. Ku ba yunwarku maki daga 1 zuwa 10. Kuna iya rubutawa da Hausa ko ajami, domin littafin naku ne. Ba a yi shi don ƙirga laifi ba. Bayan mako 2 ku karanta daga farko. Mutane da yawa sukan tarar abin yana da lokacinsa da mafarinsa: bayan yara sun yi barci, ko ranar da albashi ya shigo saƙonni suka fara zuwa, ko bayan magana da wani mutum guda. Ku zo da littafin idan za ku ga likita ko masanin abinci.

3. Ku jinkirta minti 10

Idan sha'awar ci ta taso, ku tambayi kanku: yaushe na ci abinci na ƙarshe, kuma me nake ji a raina yanzu? Ku ambaci abin da sunansa: fushi ne, ko gajiya, ko kewa. Sa'an nan ku jinkirta minti 10, ku bar kicin, ku yi wani abu da zai riƙe hannu da hankali. Sha'awa irin wannan takan hau ta kai ƙololuwa sa'an nan ta sauka, ko an ci ko ba a ci ba. Idan bayan minti 10 har yanzu kuna so, ku zuba a faranti, ku zauna, ku ci a nitse, kada ku ci daga cikin leda ko tukunya.

4. Ku ba kowace damuwa maganin da ya dace da ita

Gajiya hutu take so. Kewa tana son muryar wanda aka sani. Fushi yakan sauka da tafiya a ƙafa ko jan numfashi a hankali. Fargabar takardu ko bashi tana son shawarar masani, kuma ofisoshin Citizens Advice suna ba da ita kyauta. Ku rubuta abubuwa 5 da ke kwantar muku da hankali, ku manna a ƙofar firji: kiran aboki, wanka da ruwan ɗumi, alwala da addu'a ko karatu ga mai yi, ɗinki, kitso, sauraron rediyo. Motsa jiki na minti 150 a mako, kamar tafiya da sauri minti 30 sau 5, yana rage damuwa ko da nauyi bai sauka ba.

5. Ku gyara muhallinku

Kada ku je sayayya da yunwa, kuma ku tafi da jerin abin da za ku saya. Abin da kuka san kuna afka masa, ku sayi ƙarami maimakon katan, ku ajiye shi inda ido ba ya kai wa. Ku zuba abinci daga kicin, kada a kawo tukunya gaba. Ku ci a hankali, domin ciki yakan ɗauki kimanin minti 20 kafin ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ya ƙoshi.

6. Idan kun koma gidan jiya

Zai faru, kuma ba ya nufin ƙoƙarinku ya tashi a banza. Kada ku hukunta kanku da yunwa, kada ku jawo amai, kada ku sha maganin wankin ciki. Ku ci abinci na gaba a lokacinsa, ku rubuta abin da ya jawo, ku ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Mene ne sanya iyaka?

Iyaka ita ce sanin inda ƙarfinku ya tsaya, ta fuskar lokaci da kuɗi da jiki da abin da zuciya za ta iya ɗauka, sa'an nan ku sanar da mutane cikin ladabi. Yawancinmu an tarbiyyantar da mu a kan kara da kawaici da kunya: ba a mayar da hannun kyauta, ba a musu da babba, ba a ce wa ɗan'uwa babu. Waɗannan ɗabi'u ne masu daraja, su ne suka riƙe zumunci. Sai dai kara tana da farashi, kuma idan mutum ɗaya ne yake biya kullum, wata rana jikinsa ne zai biya. Wanda ya ce "to" da baki alhali zuciyarsa tana cewa "a'a", yakan dawo gida da ƙunci, ƙuncin nan kuwa shi ne ke buɗe firji da tsakar dare.

Sanya iyaka ba rowa ba ce, ba kuma raini ba ne. Wanda ya faɗi iya abin da zai iya, ya kuma cika, ya fi amfani ga danginsa a kan wanda ya yi alkawarin komai ya kwanta ciwo.

Yadda ake faɗa

Ku fara da ƙaramin abu, da mutumin da kuka fi sakewa da shi. Ku gaisa yadda aka saba, ku faɗi magana gajeriya, ku ambaci abin da za ku iya yi idan akwai. Ba dole ba ne ku jero dalilai, domin kowane dalili ƙofa ce ta ciniki. Idan an matsa, ku maimaita maganarku da murya ɗaya, ba tare da ƙari ba. Idan an zo muku ba zato, ku nemi lokaci: "Bari in duba, zan kira ka gobe in sha Allahu."

A wajen abinci. Idan ana ta ƙara muku a gidan biki ko ziyara, ku yaba girkin, sa'an nan ku tsaya: "Hajiya, wallahi abinci ya yi daɗi, Allah ya amfana. Na ƙoshi ƙwarai." Idan ta nace: "To ki zuba mini kaɗan in tafi da shi, gobe in ci." Kuna iya cewa likita ya ba ku ƙa'ida, ba tare da kun bayyana ciwonku ba. Kada ku wuni da yunwa don za ku biki da yamma.

A wajen kuɗi. Ku zauna ku lissafa haya, abinci, wuta, sufuri da bukatun yara, sa'an nan ku tsayar da abin da za ku iya aikawa gida kowane wata ba tare da cin bashi ba. Ku sanar da wanda ya kamata ya sani: "Baba, abin da zan iya turowa kowane wata ke nan, kuma da yardar Allah ba zai yanke ba. Abin da ya wuce haka ba ni da halinsa." Ga wanda ya zo da buƙata bayan haka: "Yaya, na ji matsalar, Allah ya kawo mafita. Wannan watan na riga na kai iyakata." Mutanen gida da yawa suna jin adadin albashi ne, ba su san abin da haraji da haya suke ci ba. Bayani sau ɗaya a nitse yana rage yawan zargi.

A wajen waya. Ba kowane saƙo ne yake buƙatar amsa nan take ba. Ku tsayar da lokacin kiran gida, ku sanar da iyali, ku kashe ƙarar zaurukan WhatsApp idan za ku kwanta. Kuna iya saita waya yadda kiran iyaye ko na gaggawa kaɗai zai shigo da dare.

A wajen maganar jiki. Wasu sukan ce "kin yi ƙiba" da nufin yabo, wasu da nufin zolaya. Ko wanne ne, idan yana sosa muku rai kuna da damar cewa: "Goggo, don Allah a bar maganar jikina, ina ganin likita a kanta. Yaya yara?" Ku ma ku kiyaye irin wannan magana ga 'ya'yanku. Kada a yi wa yaro lada ko lallashi da alewa kullum, kada a tilasta masa cinye abin da ke faranti bayan ya ƙoshi, kada kuma a yi masa dariya a kan jikinsa.

A cikin gida. Idan girki da shara da reno da aikin albashi duk suna kan mutum ɗaya, a zauna a raba. A zaɓi lokacin da hankali yake kwance: "Maigida, ranakun da nake aikin dare ina buƙatar barcin sa'a 6 a jere da rana. Ina so mu tsara wanda zai ɗauko yara daga makaranta."

A wurin aiki. Dokar lokutan aiki ta 1998 ta ba yawancin ma'aikata manya damar hutun minti 20 idan aikin yini ya wuce sa'a 6, da hutun sa'a 11 tsakanin tashi daga aiki da komawa. Haka kuma ba za a tilasta muku wuce matsakaicin sa'a 48 a mako ba sai da amincewarku a rubuce. Ku yi amfani da hutunku ku zauna ku ci abinci. Idan an nemi ku ƙara aiki kuma ba za ku iya ba, ya isa ku ce ba ku da dama a wannan rana.

Idan mutane suka ji haushi fa?

Wasu za su ji, musamman waɗanda suka saba ba ku taɓa ce musu a'a ba. Ku ma za ku ji nauyi a zuciya a karon farko, har ku ji kamar kun yi laifi. Wannan nauyi yana raguwa da maimaitawa. Ku ci gaba da gaisuwa da ziyara da kyautatawa gwargwadon hali, domin a gane cewa buƙata ɗaya kuka ƙi, ba mutumin kuka yar ba. Idan maganar ta shafi iyaye ko surukai, kuna iya neman wani dattijo ko malami da kowa yake ganin girmansa ya shiga tsakani.

Amma idan tsoro ne yake hana ku magana, wannan wani abu ne dabam. Idan wani a gida yana dukanku, ko yana yi muku barazana, ko ya riƙe kuɗinku ko fasfonku, ko ya hana ku fita ko ganin likita, kada ku tunkare shi ku kaɗai. Tun 2015 mallake mutum da tursasa masa a cikin iyali laifi ne a dokar Ingila. Ku gaya wa likita ko nas ko unguwarzoma a keɓe. Mata suna iya kiran layin taimako na ƙasa a kan cin zarafi a gida, 0808 2000 247, kyauta, dare da rana. Maza ma suna da wuraren taimako, kuma ma'aikatan asibiti za su nuna muku.

Watan azumi

Ga masu azumi, yini ba ci sa'an nan a tarar da soye-soye a faranti yana iya tayar da cin da ya wuce kima. Ku yi sahur, kada ku tsallake shi. Ku buɗe baki da ruwa da dabino kaɗan, ku ɗan dakata, sa'an nan ku ci abinci a nitse. Idan kuna da ciwon sukari, ko juna biyu, ko kuna shan magani kullum, ko an taɓa gaya muku kuna da cutar da ta shafi cin abinci, ku ga likita wata 1 ko 2 kafin azumi ya kama, ku kuma nemi bayanin malami a kan rangwamen da aka yi wa marar lafiya.

Yaushe ya kamata ku ga likita?

Ku nemi ganin likitanku na GP idan:
- kuna cin abinci mai yawa ƙwarai cikin ɗan lokaci, kuna jin ba za ku iya tsayawa ba
- hakan yana faruwa aƙalla sau 1 a mako har tsawon wata 3
- kuna ci a ɓoye, ko kuna ɓoye ledoji da kwalaye don kada a gani
- kuna jawo amai, ko shan maganin wankin ciki ko shayin rage ƙiba, ko hana kanku abinci don ramawa
- kuna da ciwon sukari kuma kuna rage allurar insulin domin ku rame
- baƙin ciki ko fargaba sun wuce mako 2, sun hana ku barci ko aiki
- kuna yawan jin ƙishirwa da fitsari da kasala

Alamomi uku na farko suna iya nuna cutar cin abinci ba ƙaƙƙautawa. Cuta ce da likitoci suka sani, tana cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022, tana kama maza da mata, masu jiki da marasa jiki, kuma ana warkewa. Ba sai alamomin sun cika duka za ku nemi taimako ba.

Wane irin taimako ake bayarwa?

Likita zai yi muku tambayoyi, ya auna nauyi da hawan jini, wataƙila ya ɗebi jini domin gwajin sukari. Ga cutar cin abinci ba ƙaƙƙautawa, yawanci ana farawa da shirin taimakon kai: littafi ko darussa da za ku bi, tare da ma'aikaci da zai riƙa bibiyarku. Idan bai wadatar ba, sai a tura ku maganin tattaunawa da ake kira CBT, wanda yake koyar da yadda tunani da ji da ɗabi'a suke jan juna. Akan yi shi a rukuni, zama 16 cikin wata 4, ko kuma ku kaɗai da ma'aikaci. Manufarsa dakatar da cin da ya fi ƙarfinku, don haka ana ba da shawarar kada a shiga tsarin rage ƙiba a lokacin da ake yinsa.

Domin damuwa da baƙin ciki, duk wanda ya kai shekara 18 kuma yake da rajista da GP a Ingila yana iya tuntuɓar sashen NHS Talking Therapies da kansa, ba sai likita ya tura shi ba. Ƙungiyar agaji ta Beat tana taimaka wa masu fama da matsalar cin abinci da iyalansu a lamba 0808 801 0677.

Alluran rage ƙiba suna rage sha'awar abinci, amma ba sa magance abin da ke ci muku tuwo a ƙwarya. Kada ku saye su daga shafukan sada zumunta ko hannun wanda ba shi da rajista, kuma ku gaya wa likita halin cinku kafin a rubuta muku.

Tafinta da sirri

Kuna da damar neman tafinta kyauta. Ku faɗa tun lokacin da kuke neman ganin likita, ku ambaci Hausa, kuma kuna iya neman mace ko namiji. Ya fi kyau kada ɗanku ko wani ɗan'uwa ya yi muku tafinta a irin wannan magana. Abin da kuka gaya wa ma'aikacin lafiya sirri ne. Ba za a gaya wa mijinki ko matarka ko iyayenku ba sai da izininku, sai fa idan ranku ko na wani, musamman yaro, yana cikin babban haɗari, ko doka ta wajabta. Tafinta ma wannan ƙa'ida ta hau kansa.

Taimakon gaggawa

- Ku kira 999 ko ku je sashen gaggawa na asibiti idan kun suma, ko kuna aman jini, ko ciwon ƙirji, ko kun cutar da kanku, ko kuna jin ba za ku iya kare ranku ba.
- Ku kira 111 idan kuna buƙatar shawara da gaggawa, har da ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku ambaci Hausa domin a haɗa ku da tafinta.
- Ku kira Samaritans a 116 123, kyauta, kowane lokaci, idan kuna son wanda zai saurare ku.

Abin da za ku fara da shi a wannan mako

Ku zaɓi abu 2 kawai: ku karya kumallo kowace safiya, ku kuma fara rubutu a littafinku. A mako na biyu ku zaɓi mutum ɗaya da buƙata ɗaya, ku gwada faɗin iya abin da za ku iya. Ku zo da wannan takarda da littafinku ranar da za ku dawo asibiti, tare da duk tambayar da kuke da ita.